Ragon Layya da Kwaltar Fandisho

Dillalin fili a watan Maris yake kai mutum ganin fili. Ni ma a lokacin aka kai ni, can bayan garin Kano, ƙasa ta bushe ƙayau, ya rantse mini ruwa bai taɓa kwana a wurin ba. Bai yi ƙarya ba. Ruwan ba kwana yake yi ba, tarewa yake yi gaba ɗaya.

Mun haƙa fandisho, mun zuba kankare, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, an ɗora bulo mai inci 9, sai ga ruwan Agusta. Washegari na tarar kwaɗi sun riga ni shiga falona.

Birkilana, wani dattijo da ke kirana Alhaji duk da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, ya ce bulo yana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshi ya hau bango, fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso. Maganinsa a cika ramukan bulo da kankare, a yi wa bayan shafe, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin a zuba jaman.

Na ce duk na yarda, amma za mu ƙara da kwalta, don na gani a YouTube yadda mutanen Amurka ke shafa wa ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa. Tasu a bokiti take zuwa, a shafa da buroshi. Tawa dunƙule ce, sai da muka hura wuta a ƙarƙashin rabin duro.

"Alhaji, a bari shafen ya bushe. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen bango."

"Baba, Baturen ai bai jira ba. Cikin minti goma ya gama."

Ya dube ni, ya koma gindin darbejiya ya ɓare goronsa.

Ina shafawa tana saɓulowa. Bango kaɗai ta ƙi. Ta kama silifas ɗina har na fita na bar shi a tsaye, ta kama farar shaddata, ta kama wayar da Baturen ke ta murmushi a ciki. Ina cikin murza hannu da kananzir sai ga ragon maƙwabci, fari tas, wanda ake kiwo don layya, ya zo ya sosa jikinsa da duron da ya fara hucewa. Ya tafi rabinsa baƙi, da ganyen darbejiya da ledar fiyawota manne a haƙarƙari.

Magana har gaban liman. Ya lissafo aibobin da ke hana layya: ido ɗaya, gurguntaka, ciwo bayyananne, muguwar rama. Ya ce kwalta ba ta ciki. Mai rago ya ce ya ji, amma shi ba zai ja wannan dabba ta gaban surukansa ba. Kuɗin buhunan simintin jaman suka tafi a rago.

Ranar Sallah mai sayen fata ya juya fatar ragon sau ɗaya ya ce ko kyauta ba ya so. Baba birkila, da ya zo karɓar namansa, ya naɗe ta ya sa a hammata.

"Ina za ka da ita, Baba?"

"Ƙarƙashin jaman ɗinka, Alhaji. A duk gidan nan ita kaɗai ce ruwa ba zai ratsa ba."