Zuwa ga bawana Bazazzagi mai tsoron cunkoso

Bawana, labari ya iso Kano cewa manhajar biyan kuɗin nan da ka cika mana kunne da ita har yau tana kwance a kwamfutarka. Wai kasuwa ta cika: ga OPay, ga PalmPay, ga Moniepoint, ga Kuda. An ce kullum kana sauke manhajojinsu kana jera su a jadawali, har da launi-launi. Ban yi mamaki ba. Garin da jami'a ta zauna tun 1962, ko gyaɗa za a sayar sai an rubuta mata kundi.

Shigo Kantin Kwari in nuna maka. Shago na jikin shago, atamfar iri ɗaya, shaddar iri ɗaya, kuma kowa na cefane. Cunkoson nan shi ke ɗauko mai saye tun daga Maraɗi. Wannan yana ba da kaya bashi ga wanda ya yarda da shi, wancan ya san zanen da matan Nijar ke so bana, na kusa da shi kuma har tasha yake kai maka dila. Ba wanda ya kwashe kayansa ya koma bayan gari don ya zauna shi kaɗai. In ka ga wuri fayau babu kowa, fara tambaya ko akwai mai saye.

Waɗanda kake tsoron ma a makare suka zo. Paga tana nan tun 2009. Moniepoint kuwa a 2015 sunanta TeamApt, bankuna take rubuta wa manhaja, daga baya ta shiga harkar POS ta tarar da wasu sun riga ta. Sai ta baza wakilai unguwa-unguwa, in na'ura ta yi gardama akwai wanda za ka kira ya zo. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manhajojin bankuna suka riƙa maƙalewa, mai shayi da mai nama suka koma inda kuɗi ke shiga nan take. A 2024 darajar Moniepoint ta kai dala biliyan 1.

Ban ce ka rufe ido ba. PalmPay ta fito a 2019 da goyon bayan kamfanin da ke ƙera Tecno da Itel da Infinix, don haka in ka ce a yawan wayoyi ko rabon garaɓasa za ka kara da ita, ka tanadi kuɗin motar komawa Tudun Wada. Sannan ka tuna baburan ORide na OPay. Ana ta tsere da Gokada, sai gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2020, harkar ta watse. Ba abokin hamayya ne ya kashe ta ba.

Abin da ya kamata ka leƙa a wajensu shi ne inda masu hulɗa da su ke kuka. Ɗauki benci ka zauna kusa da mai POS a Sabon Garin Zariya. Za ka ga dattijo riƙe da rasit, an cire masa kuɗi ba su shiga ba, an ce ya je banki. Za ka ga wadda ba ta karanta Turanci ta miƙa wa yaro kati har da lambar sirri. Za ka ji wanda aka damfara da alat na bogi. Ɗan kasuwar hatsi kuwa har yanzu damin kuɗi yake cusawa a aljihun 'yar ciki, kuma wannan damin ya fi duk kamfanonin jadawalinka yawan masoya.

Zaɓi guda cikin koke-koken nan, guda tak, ka magance shi. Ka kuma daina ɓoye dabararka kana raɗa, ba mai sace ta, Kanawa na da abin yi.

Gobe ka rufe kwamfutar ka tafi kasuwar Giwa. In Allah ya sa albarka, ka san ƙa'ida: kason ubangida ake fara cirewa, kuma tsaba nake karɓa, ban yarda da taransifar Bazazzagi ba.