Harshen ƙasa, in an ga dama

A watan Maris na 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. An yi murna. Kwamfuta kaɗai ce labarin bai iske ba.

Je ka shagon buga takardu a Matameye, ka ce a rubuta maka wasiƙa da Hausa. Yaron shago zai dube ka da tausayi. Allon haruffansa na Faransa ne. Akwai é, akwai è, har da wata ù mai maɓalli nata na kanta, tana zaune kamar gimbiya, aikinta bai fi sau ɗaya a mako ba. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda gwamnati ta amince da su a hukumance tun 1999, ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba.

"Alhaji, akwai su," in ji yaron. "Sai dai a girka. Na zaɓi ne."

Na zaɓi. A garin da ko akuya da Hausa ake korarta.

To, a girka. Windows na son intanet, intanet na son wuta, wuta kuwa ta fita unguwa. Bayan la'asar komai ya haɗu. Hausa ta sauka lafiya, amma a tsarin allon Ingilishi ta zo. Ka danna A, Q ta fito. M ma ta yi ƙaura ba sallama.

Yaron ya yi shiru. Ya mayar da Faransanci, ya buga wasiƙar, sannan ya ɗauki biro yana bi layi-layi yana sa wa haruffa ƙugiya da hannu. Kuɗin biro daban.