Kowa da Kiɗan da Ya Karɓe Shi

Akwai wani benci a bakin dandalin Jackson, daura da tsohuwar majami'ar St. Louis, wanda na mayar ofishina har kwana huɗu. Ƙafa ce ta ƙi. Zafin Luwiziyana kuma ba irin namu ba ne, shi jiƙaƙƙe ne, kamar an lulluɓa maka bargon da aka kwaso daga igiya bai gama bushewa ba. Na zo kallon birnin da ake rubutawa New Orleans, 'yan gari kuma su haɗiye rabin sunan su ce Nu Olins, sai na ɓige da kallon masu kallon birnin. Ban yi asara ba.

Wanda ke riga kowa fitowa shi ne Mai Jadawali. Shi tun wata uku baya ya gama ziyarar a takarda, wannan zuwan na tabbatarwa ne kawai. Ƙarfe 8 kofi, 8 da minti 40 majami'a, 9 da kwata gidan tarihi. Sai dai garin bai san da takardarsa ba. Koren taragon layin St. Charles, layin da ke aiki tun 1835, yana tafe da kujerunsa na katako da tagoginsa a buɗe, cikin nutsuwa irin ta dattijon da ya san ba za a ɗaura aure sai ya iso ba. Mai Jadawali ya duba agogo, ya duba titi, ya ja tsaki. Idan ya tambayi hanya kuma, ba mai ce masa arewa ko kudu. Sai dai "wajen kogi" ko "wajen tafki", domin Misisipi ya lanƙwashe a nan kamar lauje, har ta kai unguwar da ake kira gaɓar yamma ta kanta rana ke ɓullowa. Wani daga cikin ayarinmu ya nemi gabas zai yi Azahar, aka yi ta jayayya da shi har sai da waya ta raba gardama: alƙiblar nan arewa maso gabas take.

A bayansa sai Malam Mai Gyara, wanda ke biyan kuɗin ɗan jagora don ya samu wanda zai gyara wa karatu. Ɗan jagora ya ce unguwar Faransawa, shi kuma ya yi gyaran murya. Ai Faransawan sun kafa garin ne a 1718 a ƙarƙashin Bienville, amma gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye mafi yawan gininsu, abin da aka sake ginawa a zamanin mulkin Sifaniyawa aka yi shi. An nuna gunkin Janar Andrew Jackson bisa doki, ya ce a tuna yaƙin da ya ci Ingilishi a nan ranar 8 ga Janairun 1815 an yi shi ne mako biyu bayan an sa hannu a takardar sulhu a Turai, labari yana cikin jirgin ruwa bai iso ba. An ambaci Napoliyon, ya faɗi dala miliyan 15 da Amurka ta biya a 1803 ta sayi Luwiziyana daga hannunsa kafin ɗan jagora ya haɗiye yawu. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ƙarya yake yi da an samu inda za a kama shi a huta. Na gan shi da idona ƙarfe goma sha biyun dare yana yi wa wasu samari da ba sa iya tsayuwa daidai bayanin cewa titin Bourbon ba sunan giya ya ci ba, sunan gidan sarautar Faransa ne. Suka tafa masa, ɗaya ya rataya masa sarƙar duwatsun roba a wuya.

Mai Lissafi kuwa bai taɓa barin gida ba, jikinsa ne kawai ya zo. Duk farashin da ya gani sai ya juya shi zuwa naira, sannan ya yi salati. Mun kai shi Café du Monde, rumfar kofin da ke bakin kasuwa tun 1862, aka kawo abin da suka shahara da shi, guda uku a faranti, an binne su cikin garin sukari. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan fa fanke ne." Ba wanda ya iya musa masa. Kuskurensa shi ne ya yi huci a daidai lokacin da ya kai baki, ga shi sanye da baƙar shadda. Ya tashi fari fat kamar ɗan dakon buhun fulawa. Da aka gaya masa al'ada ce a ɗora wa mai hidima tukuicin kusan kashi 20 cikin 100, sai ya ce a maimaita masa a hankali. Amma kada a raina shi, shi ya gano mana jirgin fito da ke tsallaka kogin daga ƙarshen titin Canal zuwa unguwar Algiers a kan dala biyu. Masu kuɗi suna can bisa jirgin Natchez mai katafaren fanka a baya suna cin abinci da kiɗa, shi yana tsaye a kan fitonsa yana kallon kogi ɗaya da su, yana murmushin wanda ya ci riba.

Teburin cin abinci yana da nasa gwanin, Hajiya Da-Me-Aka-Yi. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari, don garin nan tarko ne ga mai kiyaye abin da zai sa a baki. Komai ya yi kama da na gida. Ga gumbo, wadda ba komai ba ce illa miyar kuɓewa da ta yi ƙaura ta yi arziki, sunan ma daga kalmar kuɓewa ya fito a harsunan tsakiyar Afirka. Ga wake da shinkafa, wanda suke ci ranar Litinin tun zamanin da Litinin ce ranar wanki, a ɗora tukunya ta yi ta dahuwa ana can ana cuɗa. Sai ka miƙa hannu, Hajiya ta ce, "Dakata, Yaya. Yarinya, da me aka yi?" Nan za ka ji cewa ƙashin naman alade ne ke ba waken ɗanɗano, miyar kuma an yanka mata tsiran alade mai hayaƙi. A koma kan kifi da jatan lande. Can sai a juye mana tulin wasu jajayen ƙwarin ruwa masu ƙahonni a kan tebur, kamar kunamun da suka yi wanka da barkono, wani kuma ya ce akwai soyayyen naman kada. Daga nan abinci ya tsaya, aka koma neman fatawa ta waya, ana tashin malamai daga barci a Kano.

To, dare ya yi.

Titin Bourbon da rana ba shi da wani kwarjini, wari ne kawai na jiya da masu wanke shi da mesa. Da magariba ta wuce sai a hana motoci shiga, fitilu su kama, kowace ƙofa ta saki nata kiɗan. Dokar garin ta yarda babba ya yi yawo a titi da giyarsa muddin a kofin roba take, don haka kowa da kofinsa, wani dogo kamar bututun ban ruwa. Daga saman benaye ana jefo sarƙoƙin roba masu ruwan shunayya da kore da zinariya, launukan bikin Mardi Gras, ko da kuwa bikin ya wuce da wata biyar. Nan za ka ga ayarin ƙawayen amarya su goma sha biyu da riga iri ɗaya, amaryar da ɗan kambi ya karkace, takalmanta a hannu. Nan za ka ga ɗan taro, wanda kamfaninsa ya aiko shi koyon dabarun inshora, ƙarfe biyun dare yana rawa da katin sunansa rataye a wuya, ta yadda duk mai son kai ƙararsa ba sai ya sha wahalar tambaya ba.

A nan ne kuma ake samun Alhaji Ganin Aya. Shi ba nishaɗi ya kawo shi ba, Allah ya kiyaye. Ya zo ne ya ga yadda duniya ta lalace don ya ba da labari a gida. Yana tafe yana girgiza kai yana "Subhanallahi", da gorar ruwa a hannu ya ɗaga ta sama, ya juya takardarta waje don kada wani ya yi masa mummunan zato. Daren farko ya ga aya. Dare na biyu ya koma ya tabbatar. Na uku ya ce akwai wani lungu da bai gama yin Allah wadai da shi ba. A dare na huɗu ne ya yi kiciɓis da wani abokin tafiyarmu wanda ya ce mana kansa na ciwo zai kwanta da wuri. Suka tsaya suna kallon juna a ƙarƙashin jar fitila.

"A'a, Alhaji, barka da dare."

"Barka kadai, Malam. Kantin magani nake nema."

"Ikon Allah. Ni ma shi."

Kada ka tambayi yadda aka yi na ji wannan hira.

Mai Kunne ba ya zuwa Bourbon, ya ce na baƙi ne, shi da ya sauka jiya da la'asar. Wajensa titin Frenchmen, kuma a nan dole in ba shi gaskiya: ƙananan ɗakuna, makaɗa na gaske, ga matasa masu ƙahonnin tagulla da kan tare kusurwa su busa har gashin jikinka ya tashi. Shi ya ja mu Preservation Hall, wani tsohon ɗaki a titin St. Peter da ake kiɗan jaz na gargajiya tun 1961, bango duk ya dafe, 'yan bencina kaɗan, saura a tsaye ko a ƙasa. Ba a ɗaukar hoto idan an fara. Na tausaya wa Mai Hoto, wadda tun da muka zo ba ta ga garin da idonta ba sai ta gilashin waya. Wajen minti 45 ta yi hannunta na rawa a kan jaka kamar mai azumin farko. Da muka fito ta ce kiɗan ya yi daɗi, amma wa zai yarda ta je?

Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne Baba Namu-Ne. A wurinsa babu abin da Amurka ta ƙirƙira. Ya ji ƙaho ya ce kakaki ne aka gajarta. Ya ga jerin gwanon Lahadi, makaɗa a gaba, jama'ar unguwa a baya suna rawa da lema da farin hankici, ya ce hawan Sallah ne ba dawaki. Har Louis Armstrong, wanda aka haifa a garin a 1901 kuma filin jirginsu ke ɗauke da sunansa, Baba ya dubi hotonsa ya ce wannan kumatun na masu algaita ne. Muka yi ta dariya har ranar da muka shiga dandalin Kongo, wani fili mai shimfiɗar duwatsu da manyan itatuwa a bayan unguwar Faransawa. A nan bayi kan taru ranar Lahadi su yi kasuwa, su kaɗa ganguna, su yi rawar ƙasashen da aka ɗebo su. Mai Gyara ya ce a takardun cinikin bayi na Luwiziyana akwai Bambara da Wolof da Kongo da Fulani da Yarbawa, akwai kuma 'yan tsiraru da aka rubuta Hausawa. Duk muka juya muna jiran Baba ya ce ai ya faɗa. Bai ce komai ba. Ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar, ya nemi wuri ya zauna. Ko Mai Jadawali bai duba agogo ba.

Masu neman fatalwa fa? A garinmu kuɗi ake biya a raba mutum da aljanu, a nan kuɗi ake biya a haɗa ka da su. Kowane dare za ka ga ayari suna bin wani mai baƙar alkyabba lungu-lungu. Sukan tsaya a gaban gidan LaLaurie a titin Royal, inda gobarar 1834 ta tona yadda uwargidan ke azabtar da bayinta, su yi ta leƙen taga ko za su ga inuwa, alhali abin tsoron mutum ne ya aikata shi da ransa. Da rana kuma su nufi maƙabartar St. Louis ta ɗaya, wadda aka buɗe a 1789, inda kaburbura ke tsaye bisa ƙasa kamar ƙananan shaguna. Kowa na neman na Marie Laveau, shahararriyar matsafiyar da ta rasu a 1881. Masu buƙata sun dame shi da zanen alama uku-uku, har daga 2015 aka hana shiga sai da ɗan jagora. Can gefe ga wani farin dala irin na Masar, kabarin ɗan fim Nicolas Cage, wanda ke nan da ransa yana fitowa a finafinai. Mai Lissafi ya tsaya a gabansa ya ciro waya, na riƙe masa hannu.

Saura mutum ɗaya, Mai Wayo, wanda ke zaune a benci yana raba wa bayin Allah sunaye. A yammacin ƙarshe wani mutum fara'a cike da fuska ya tsaya a gabansa, ya nuna ƙafarsa, ya ce a kan dala 20 zai faɗi inda ya samu takalman nan. Takalman kuwa na fata ne, daga kasuwar Ƙofar Wambai. Ta ina ɗan Luwiziyana zai san Ƙofar Wambai? Mai Wayo, wanda ya kwana uku yana yi wa Alhaji dariya, ya manta sunan wannan abu caca, ya ce an yi. Ashe kalmar da mutumin ya faɗa a Turancinsu baki biyu gare ta, tana nufin inda ka samo abu, tana kuma nufin inda abin yake a wurinka. Ya ce, "A ƙafarka suke, ƙafarka kuma tana kan dandalin Jackson." Kafin in buɗe baki ya tsuguna ya matsa musu man gogewa.

Na zaro takardar dala 20, na ga hoton wanda ke jikinta. Na ɗaga kai, ga shi nan dai a tsakiyar fili bisa dokinsa, ya cire hula yana gaishe ni.