Hedifon Mara Kara

Hedifon ɗin situdiyo bai san kara ba. Na kasuwar waya yakan cika waƙa da dukan ganga har mawaƙi ya fara jin kansa. Shi kuwa Sony MDR-7506, da ke kasuwa tun 1991, tonon asiri ne aikinsa. Numfashin da aka ja a tsakiyar baiti, ƙugin janaretan maƙwabta, duk sai ya kawo maka su kunne kamar kishiya mai kai tsegumi.

Bayansa a rufe yake, don kada kiɗa ya zurara cikin makirfo. Madalla. Sai dai abin da ya tsare sauti ya tsare iska. Shiga situdiyo a Titin Gidan Zoo a Kano cikin Afrilu, an kashe fanka saboda ɗaukar murya, ka ga gumi na bin wuya. In soson kunnen hedifon ɗin ya tsufa kuma, fatarsa ta dinga ɓarewa, mawaƙi ya fito da baƙin ɓarɓashi a kumatu, ya wuce gidan biki bai sani ba.

Bayan duk wannan wahala, a fasasshiyar sifikar adaidaita-sahu za a saurari waƙar, direba ya ƙure ta.