Ɗakin Gilashi a Garin Nagwamatse

Mutanen Holan sun rungumi ɗakin gilashi ne don su tara wa tumatir ɗumi, saboda rana rowa take musu. Duk wanda ya kwaikwaye su a Kontagora, garin Nagwamatse, cikin watan Maris, lokacin da zafi ke dosar digiri 40, tanda ya gina. Tumatirinsa zai dahu a jikin reshe, saura gishiri da daddawa. Za a ce ai da damina tumatir kan yi tsada, dole a kare shi. Haka ne, amma masu ɓarna a lokacin su ne ruwan sama da ƙwari: rufin leda da raga mai shan iska sun ishe su. Akuyar maƙwabci kuwa, wannan sai katanga.