Galan Ɗaya na Fenti a Ciki da Falo

Ciki da falo, a tsarin gidajen haya na birnin Kano, ɗakuna 2 ne da ƙofa ta haɗa, na ƙurya don kwana, na waje don baƙi, kuma ɗan haya yakan karɓe su daga hannun dillali, wato mai shiga tsakaninsa da mai gida don cin la'ada, bangonsu ɗauke da tarihin duk wanda ya riga shi zama, tun daga tabon man gashi a inda ƙeyar wani ta saba jingina har zuwa lissafin bashi da aka rubuta da biro. Sha'awar yi wa wurin kwalliya takan taso tun daren farko, daidai lokacin da kuɗin shekara, wanda ake biya a dunƙule kafin a miƙa makulli, ya gama share aljihu.

Abin da ya sami wani malamin firamare da ya tare a irin wannan ɗaki a farkon damina ya isa misali. Ya nufi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gini, ya sayi galan 1 na shuɗin fentin ruwa, wanda ake kira haka saboda da ruwa ake tsinka shi, saɓanin fentin mai da ake tsinkawa da kananzir. Mai shago ya ce masa, "Malam, wannan ko falon ba zai rufe ba," shi kuwa ya amsa da cewa, "Alhaji, ai akwai rijiya a gidan." Ya yi ta ƙara ruwa har fentin ya koma kamar kokon da aka dama wa 'yan biki bayan baƙi sun ninka, kuma da yake ya ƙi biyan mai fenti, sai ya ɗaura soso a kan muciyar uwargida ya hau shafe. Da bango ya bushe, tabon man gashin bai ɓace ba, ƙara fitowa ma ya yi sosai a tsakiyar shuɗin.

Ledar ɗaki, wato shimfiɗar roba mai zanen tayil da ake yankawa a kasuwar Sabon Gari, ita ce ta fi cancantar nazari, domin a nan ilimin malamin ya cuce shi. Ya auna falon da taku, sanye da takalmi sau-ciki, amma a kasuwa mai kaya ya hana a taka masa leda da takalmi, don haka ya sake awon da tsurar ƙafa, adadin taku ya yi daidai, leda kuwa ta gaza da fiye da kamu guda. Da tabarma aka cike giɓin.

Labule an same shi a gwanjo, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su, a Ƙofar Wambai, kuma a gaskiya shi kaɗai ne cinikin da babu abin zargi a cikinsa. Wajen rataye shi aka sha wahala, saboda a shafen bangon, yashi ya rinjayi siminti, ƙusar farko ta ɓamɓaro wuri mai faɗin faifai. Ya rufe ramin da kalanda, sai ƙusar kalandar ta haifi nata ramin, aka nemo wata, har falon ya tara kalandu 4 na 'yan takara daga jam'iyyu dabam-dabam, baƙi suka daina yi masa hirar siyasa don sun kasa gane inda ya dosa.

Ana haka mai gida ya leƙo da magariba, lokacin da duhu yake rufa wa kowane fenti asiri, ya dubi labule ya ce, "Ma sha Allah, Malam, ashe haka ɗakin nan yake da kyau ban sani ba." Mako bai cika ba dillali ya zo da saƙon cewa hayar baɗi ta ƙaru, abin da Hausawa suke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai ruwan Agusta ya sauka, kwanon rufi ya yi yoyo, fentin ya tuna asalinsa ya bi ruwa ya gangaro ya kwanta ƙarƙashin leda, iska kuma ta ɗaga kalanda ɗaya a gaban mai gidan, wanda nan take ya ƙara kuɗin toshe ramuka a cikin lissafi.

Da shekara ta cika malamin ya tashi da labulen taga 2 zuwa ɗaki mai taga 1, ledar ta manne da daɓe ta ƙi binsa, dillali kuwa ya ci gaba da tallar tsohon ɗakin da sunan mai sabon fenti. Muciyar uwargida har yanzu shuɗiya ce.