Ƙafar Saniya a Tukunyar Ingila

Yayata da ke aikin jinya a Ingila ce ta aiko mini da ita: tukunyar lantarki mai cikin tangaran da murfin gilashi, irin wadda ake zuba wa komai da safe, a murɗa maɓalli, a tafi aiki, a dawo a tarar da abinci. Filoginta mai baki uku ne irin namu, ƙarfin wutar Ingila kuma ɗaya yake da na nan, don haka ba ta buƙatar na'urar rage wuta kamar kayan Amurka. Na gwada ta da wake wata Asabar, ya yi lugub. Daga nan kaina ya kumbura. Da maigidan ya ce mahaifiyarsa Hajiya da Gwaggo za su zo ranar Laraba bayan la'asar, tun bai rufe baki ba na ce farfesun ƙafar saniya zan yi musu, kuma ko izini ba zan nema a makarantar da nake koyarwa ba.

Ƙarfe 7 na safe na zuba ƙafar da mahauci ya babbake ya sassara, da albasa, attarugu, citta, kanumfari, masoro, kimba da 'yar daddawa. Ruwa kaɗan na sa, domin tukunyar ba ta ƙone ruwa, tururin da ya hau murfi komawa ciki yake yi. Na murɗa ta kan ƙaramar wuta, jar fitilarta ta kama, na ɗauki jakata.

Da na dawo fitilar tana ci, jikin tukunyar da ɗumi. Ban buɗe ba. Takardar da ta zo da ita ta ja kunne cewa duk sanda aka ɗaga murfi, zafin da ya tsere sai an biya shi da minti 20 ko fiye. Gilashin kuwa ya yi gumi, ba a ganin komai. Aka gaisa, aka sha ruwa, na shimfiɗa leda a falo, na rungumo tukunyar gaba ɗayanta na dire a tsakiya.

"'Yar nan, ban ji ƙamshi ba," in ji Hajiya.

"Ai Hajiya, ita ba ta barin ƙamshi ya fita. Duk cikin naman yake komawa."

A nan take na ƙirƙiri wannan bayani, kuma ya yi mini daɗi a baki. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai a gaban uwar mijina, ranar sai ga ni ina lacca. Na ba su labarin Irving Naxon, Bayahuden Shikago da mahaifiyarsa ta gaya wa yadda a garinsu, Vilnius, ake kai tukwanen wake da nama gidan burodi ranar Juma'a da yamma, su kwana cikin tanderu suna nuna da ragowar zafi, saboda Yahudawa ba sa hura wuta ranar Asabar. Na ce a 1940 ya samu takardar mallakar fasaharsa, a 1971 ta fito kasuwa da sunan Crock-Pot, matan Amurka masu zuwa aiki suka yi mata rububi. Na ce wutar da take ci ba ta wuce wat 200 da 'yan kai ba, dutsen guga ma ya ninka ta. Har da karin magana na rufe: mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to ga mai haƙurin nan a gabanku.

Sannan na ɗaga murfin.

Ko ɗigon tururi bai tashi ba. Wannan ne abin da idona ya fara gani, kuma hannuna ya riga ƙwaƙwalwata fahimta, domin ya tsaya cak a sama da murfin, ruwan gumi yana ɗiga kan leda, ɗis, ɗis. A ciki, albasa tana yawo da zobenta yadda na yanka ta. Attarugu yana sheƙi. Kanumfari ya taru a gefe ɗaya. Ruwan ba romo ba ne, wani abu ne fari-fari mai yanar kitse a sama. Sai warin ya iso, warin mahauta da azahar, ya bi ta kan Gwaggo ya nufi Hajiya. Ƙamshin da na ce yana komawa cikin nama, ga shi ya fito ya gaida kowa.

Maimakon in mayar da murfi, sai na ɗauki ludayi. Har yanzu idan na kwanta, ludayin nan nake gani. Na danna shi a kan guntun da ya fi girma, da fatan ko ta ciki ya nuna. Ludayin ya zame, ƙwas, guntun ya wuntsula cikin ruwan a hankali, ya ɗago kofatonsa sama, tsage biyu, yana nuna Hajiya. Ya tsaya a haka. Ba wanda ya yi magana. Fanka tana juyawa. Maigidan ya dubi agogo, ya tuna magariba ta kusa, alhali da sauran fiye da awa ɗaya. Hajiya ta dubi kofaton, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki." Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Autana ne ya warware zancen daga bakin ƙofa: "Umma, ai maƙwabta sun ce tun ƙarfe 8 aka ɗauke wuta. Kina buɗe get aka kawo."

Tukunya mai maɓallin murɗawa ba ta da labari. Wuta ta tafi, ta yi shiru. Wuta ta dawo, ta kunna fitila kamar ba a yi komai ba. Naman ya samu awa ɗaya na ɗumi, sannan ya wuni cikin zafin Afrilu na Kano da murfi a rufe. Ni nake koya wa 'yan aji uku cewa tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninkawa kowane minti 20. Wannan ƙafa ba ta da sauran makoma sai bola.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta gyara zama, ta tuɓe mayafi.

"Ke amarya," haka take kirana da 'ya'yana uku, "kawo kanwa."

"Gwaggo, ya lalace."

"Ungurnu nake nufi, ba ja ba. Babu? To ganyen gwanda. A tura yaro ya tsinko."

Na ce ba taurin ne matsalar ba. Ta ce to a jefa ƙusa a ciki, sabuwa, ƙarfe yana jan zafi. Da na yi shiru, sai ta ce a ɗauko kurfoti a hura gawayi, a ɗora tukunyar yadda take. Na ce tangaran ɗin zai fashe, jikin kuma wayoyi ne a ciki. Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta kasa kunne.

"Tukunyar da ke tsoron wuta? La'ilaha illallahu."

Ta yi ɗan nazari, sannan ta gano bakin zaren. Laifin, in ji ta, na saniyar ne. Saniyar Bature a ɗaki take, ba ta san kiwo ba, ko mayanka a mota ake kai ta, ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasa mai tsakuwa ba. Tamu kuwa ta tako tun daga Damagaram da ƙafarta, ta ratsa daji, ta sha ƙaya. Yaya za a yi 'yar fitila ta dafa ƙafar da ta yi wannan tafiya? Ta ce in rubuta wa yayata ta tambayi masu kamfanin ko suna da babbar, ta shanun Fulani.

Ina tattare leda ta kamo hannuna, ta yi ƙasa da murya, irin ƙasan da har maƙwabta ke ji.

"Gobe idan za ki yi baƙi, ki dafa shi a icce tun dare, ya nuna sarai. Da safe ki juye a cikin abar, ki kunna mata fitilarta. Wa zai sani?"

Hajiya tana neman takalminta da ƙafa, ta ce, "Ni ai na zaci haka ta yi."